Zanar da na kafa wa Python: abin da na gani a venv da proxmoxer a ɗakin horonmu na Damagaram

Kowace Asabar da safe, kafin ɗalibai su iso, akwai wani aiki da ya daɗe yana cinye mini lokaci. A cibiyar da nake koyar da kwamfuta muna da sabar guda ɗaya, tsohuwa ce ƴar hannu, a cikinta kuma akwai kwamfutocin kwaikwayo goma sha takwas, waɗanda kowa a nan VM yake ce musu. Kowane ɗalibi da tasa. Cikin mako su yi ta gwaji, wannan ya goge fayil ɗin da bai kamata ba, waccan ta canza adireshin rezo ta kasa maido shi, haka koyo ya gada. Ranar Asabar sai in mayar da kowace VM yadda take tun farko. In buɗe shafin Proxmox, in zaɓi VM, in nemo hoton ajiyarta, wato kwafin yadda take tun farko, in danna mayarwa, in jira, in kunna ta, in wuce ta gaba. Sau goma sha takwas. Idan babu wanda ya shigo gaisuwa, minti arba'in da ɗoriya ne.

Ga wanda bai san Proxmox VE ba, manhaja ce ta wani kamfani da ke Biyena a ƙasar Ostiriya, tun 2008 suke fitar da ita, a kan Debian, wani nau'in Linux, aka gina ta, aikinta gudanar da VM a kan sabar, kuma kyauta ake sauke ta. Abin da ya ja hankalina shi ne, duk abin da kake dannawa a shafinta na ƙofa ta 8006, ta hanyar API yake wucewa, wato hanyar da manhaja ke karɓar umarni daga wata manhajar, ke nan ɗan sikirif zai iya aika umarnin ba tare da hannunka ba. Akwai kuma ƙunshin Python da aka rubuta don hakan, sunansa proxmoxer. Shi da venv, wato keɓantaccen wurin aikin da ke zuwa tare da Python, su ne nake son in faɗi abin da na gani a kansu bayan fiye da shekara ina aiki da su. Zan fi daɗewa a kan venv, domin shi ne mutane ke tsallakewa.

Ni ma na so in tsallake shi. Bayan damanar 2024 na zauna a kan sabar ɗin kanta, na girka pip, mai sauko da ƙunshe-ƙunshen Python, na rubuta `pip install proxmoxer`. Maimakon ya sauko, sai allo ya amsa mini da `error: externally-managed-environment`, da wani dogon bayani da Turanci a ƙasa. A ƙarshen bayanin akwai wata hanyar kaucewa, `--break-system-packages`, kuma sai da na rubuta ta, saura in danna. Abin da ya tsayar da ni shi ne tunawa da wata kwamfuta tawa ta shekarun baya, wadda na yi wa `sudo pip` na sabunta wani ƙunshi, washegari wani kayan aikin tsarin ya ƙi tashi. Kwana biyu na yi ina gyara. Waccan tawa ce ni kaɗai. Wannan kuwa aikin mutum goma sha takwas ne a ciki, ga kuɗin Alhaji mai cibiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, na goge layin.

Da yamma ɗan yayata ya biyo ta wurina. Yana karatu a Jami'ar André Salifou, kuma ya fi ni bin sababbin abubuwa. Na nuna masa hoton saƙon a waya. Ya ce, "Kawu, ai ba lalacewa ba ce, kare ka yake yi. Ka yi venv. Kuma ka sauke wannan aikin daga kan sabar ɗin gaba ɗaya." Shawara biyu ya ba ni a numfashi ɗaya, kuma duka biyun sun yi daidai.

Daga baya na karanta dalilin. Python ɗin da ke zuwa da Debian ba naka ba ne kai kaɗai, kayan tsarin da yawa da shi suke aiki, kuma apt, mai girka manhajoji na Debian, shi ne ke lura da ƙunshe-ƙunshensa. Idan pip ya shigo ya ɗora wata siga a kan wadda apt ya girka, an samu masu gida biyu a ɗaki ɗaya, kowa bai san abin da ɗan'uwansa ya taɓa ba. Don haka aka fito da ƙa'idar da ake kira PEP 668, mai hana pip taɓa Python na tsarin, kuma Debian 12, wadda ta fito a watan Yuni 2023, tana cikin waɗanda suka fara aiki da ita, haka ma Ubuntu tun daga 23.04. Proxmox VE 8 kuwa a kan Debian 12 yake zaune. Shi venv ya girme wannan ƙa'ida nesa, tun Python 3.3 ya shigo a 2012, kafin shi ma akwai virtualenv da Ian Bicking ya rubuta a 2007. Abin da ya sauya kawai, a da shawara ce, yanzu an rufe maka ɗaya ƙofar.

Na ɗauko wata tsohuwar laftof da allonta ya tsage a kusurwa amma batirinta na riƙe wuta, na girka mata Debian 12, na ajiye ta kusa da sabar. A nan na gamu da tuntuɓe na farko. Na rubuta `python3 -m venv .venv`, ya ce ensurepip, ɓangaren da ke saka pip a cikin venv, babu. Debian tana raba wannan ɓangaren a wani ƙunshi dabam, sai ka girka `python3-venv` da apt tukuna. Saƙon ya faɗi hakan a fili, amma ina ganin ɗalibaina suna tsayawa cak a nan, saboda da Faransanci suka yi lakkol, ja-in-jar allo kuwa da Turanci take. Bayanan Python suna da fassarar Faransanci a shafinsu, ita nake tura su karantawa, amma saƙonnin kuskure ba su da ita. Bayan wannan, aikin bai wuce daƙiƙa goma ba.

Ina ba duk wanda zai yi amfani da venv shawarar ya buɗe dosiyen ya duba cikinsa ko sau ɗaya, domin tsoron da ake ji ya gushe. Ba wani abin mamaki a ciki. Akwai ɗan fayil mai suna `pyvenv.cfg`, layi kaɗan ne, yana faɗin inda Python na asali yake da sigarsa, da kuma ko an yarda a leƙa kayan tsarin ko a'a. Akwai `bin`, inda `python` ɗin da ke ciki manuniya ce kawai zuwa ga na tsarin, ba a kwafo shi ba. Sai `lib/python3.11/site-packages`, inda duk abin da ka girka zai zauna. Shi ke nan. Umarnin nan da ake ta maimaitawa, `source .venv/bin/activate`, abin da yake yi shi ne ya sa `bin` ɗinka a gaban jerin wuraren da taminal ke neman umarni, ya kuma rubuta sunan wurin a farkon layi don ka san inda kake. Da na gane haka, rabin matsalolin da na ci karo da su daga baya sun zama masu sauƙin ganewa.

Ni zana nake kwatanta shi da ita. Irin wadda ake kafawa a tsakar gida a raba sashen wannan da na wancan, kowa ya san inda tukunyarsa take, awakin wani ba sa cin dusar wani. Tana da arha, ana kafa ta cikin yini, idan ta tsufa a cire a kafa wata. Amma ba katanga ba ce, kuma zan dawo kan wannan.

Shi proxmoxer ƙarami ne ƙwarai, kuma ba ya janyo komai da kansa. Idan ta https za ka yi magana da sabar, kai za ka ƙara `requests`, shi kuma ya zo da abokan tafiyarsa huɗu: urllib3, certifi, idna da charset-normalizer. Abin da na so a proxmoxer shi ne bai ƙirƙiro nasa harshen ba. Yadda hanyar take a API, haka kake rubuta ta da ɗigo-ɗigo. Kunna VM mai lamba 105 a kan sabar mai suna lab shi ne `px.nodes("lab").qemu(105).status.start.post()`. Idan ka buɗe shafin bayanin API na Proxmox a gefe, kana gani kana rubutawa. Wannan ma shi ne nauyinsa: ba zai koya maka komai ba, ba zai gaya maka wane umarni ke akwai ba. Wanda bai san Proxmox da hannu ba tukuna, kada ya fara da shi.

Sikirif ɗina na farko layi ashirin ne, kuma bai yi aiki ba. Ya mayar da VM ta farko, ya je kunna ta, sabar ta ce `VM is locked (rollback)`. Dalili kuwa, idan ka aika umarnin mayarwa, Proxmox ba ya jira ya gama kafin ya amsa, lambar aiki yake miƙo maka wadda ake kira UPID, ya ci gaba da aikinsa a baya. Kai ne za ka riƙa tambaya ko an gama. A cikin `proxmoxer.tools` akwai `Tasks.blocking_status` mai yin wannan jiran. Da na gyara, sai na yi gaggawa ta wani gefen, na tura duka goma sha takwas su tashi lokaci ɗaya. Faifan sabar ɗinmu irin mai juyawa ne, sai da na ji kukansa daga bakin ƙofa, VM ɗin kuma suka yi ta jan ƙafa. Yanzu uku-uku nake tayar da su, da ɗan hutu a tsakani. Aikin Asabar ya dawo minti shida zuwa bakwai, kuma ba na wurin ma lokacin da ake yinsa.

To amma ba saurin ne ya sa na zauna rubuta wannan ba. Masu bayanin venv a intanet galibi tsabta suke kawowa dalili, kada aikin nan ya gauraya da wancan. Gaskiya ne. Sai dai a nan Damagaram akwai dalilin da ya fi wannan kusa da mu, shi ne rezo. Wata rana yana gudu, wata rana ka yi ta kallon alamar tana juyawa har shayi ya huce, forfe kuma kuɗi ne. Abin da venv ya koya mini shi ne dosiyen `.venv` ba dukiya ba ne, abin yarwa ne. Dukiyar abu biyu ce. Na farko `requirements.txt`, wanda `pip freeze` ke rubuta maka, sunan kowane ƙunshi da ainihin sigarsa. Na biyu, ƙunshe-ƙunshen kansu, waɗanda za ka sauko da su sau ɗaya ranar da rezo ke da kyau:

`pip download -r requirements.txt -d kaya`

Duka shidan da nake buƙata ba su kai mega ɗaya ba. Na zuba su a kile USB tare da sikirif. Daga ranar, duk inda na je, ko babu intanet ko kaɗan, sai in kafa sabon venv in ce:

`pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt`

Minti ɗaya, wurin aiki ya tsaya daidai da na jiya, siga da siga. Ranar da na fara gwada wannan na zare wayar rezo da hannuna don in tabbatar, kuma na ji daɗin da na daɗe ban ji ba a wannan sana'a. Mun saba da kayan da aka ƙera da zaton intanet kamar iska yake, ko'ina akwai. Samun wanda ya yarda ya yi aiki daga kile a aljihu ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Akwai wani rami a nan wanda wata ɗalibata ce ta faɗa cikinsa kafin ni. Ta karɓi kile ɗin ta tafi gida, laftof ɗinta Windows ce da wata sigar Python dabam. Washegari ta ce, "Malam, biyar sun yarda, ɗaya ya ƙi, kuma saboda shi duka suka tsaya." Shi ne charset-normalizer. Yawancin waɗannan ƙunshe-ƙunshe Python ne zalla, ko'ina suna shiga, amma shi pip ya zaɓo mini wanda aka harhaɗa don Linux da Python 3.11, sunan fayil ɗin ma ya nuna, akwai `cp311` da `manylinux` a ciki. Maganinsa shi ne ka gaya wa `pip download` don wa kake saukewa, da `--platform win_amd64` da `--python-version` da `--only-binary=:all:`. Yanzu dosiye biyu ne a kile ɗin, na Linux da na Windows. A Windows ɗin kuma `bin` ba ya nan, `Scripts` ne, kuma PowerShell kan ƙi gudanar da fayil ɗin activate sai an sassauta masa ƙa'ida. Na fi son in ce musu su kira `.venv\Scripts\python` kai tsaye su huta.

Wannan kiran kai tsaye shi ne darasin da cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara a Linux, ya koya mini. Na sa aikin mayarwa ya tashi ƙarfe biyar na asubar Asabar. Na zo da safe na tarar babu abin da ya motsa, a fayil ɗin rahoto kuma an rubuta `No module named 'proxmoxer'`. Na rubuta `python3` ne a layin cron, shi kuwa cron bai san da wani activate ba, sai ya ɗauko Python na tsarin, wanda ba shi da ƙunshin. Da ka rubuta cikakkiyar hanya zuwa `.venv/bin/python`, magana ta ƙare, ba a buƙatar activate sam. Da ma littattafan koyarwa sun fara da wannan kafin su koya wa mutane activate, da an rage wahala. Haka kuma venv ba ya son ƙaura. Na taɓa canza wa dosiyen aikin suna, sai pip ɗin ciki ya ƙi tashi, domin tsohuwar hanyar na rubuce a layinsa na farko. Ba a gyara wannan, sharewa ake yi a sake kafawa. Kada ka kwafe `.venv` a kile ka kai wa wani, ba zai yi masa amfani ba.

Aikin da ya fi mini daraja yanzu ba ma na Asabar ba ne. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, wuta kuma kan ɗauke ba sallama. Muna da ondilar, amma mintoci kaɗan take riƙe sabar, gurup kuma sai an je an tayar da shi da hannu. Sau biyu VM suka mutu a tsaye, ɗaya faifanta ya lalace. Sai na lura cewa laftof ɗin nan da kanta ma'aunin wuta ce. Na jona ta a bango kai tsaye, ba ta ondilar ba, ita kuwa na'urar rarraba rezo na bar ta a kan ondilar. A Linux akwai fayil a ƙarƙashin `/sys/class/power_supply` mai nuna 1 idan caja na kawo wuta, 0 idan ta ɗauke. Sikirif na biyu yana duba shi kowace daƙiƙa goma. Idan ya ga 0 ya daɗe minti biyu, sai ya bi VM ɗaya bayan ɗaya ya ce su rufe cikin tsari, a ƙarshe ya kashe sabar kanta. Sai da na girka qemu-guest-agent, ƴar manhajar da ke karɓar umarnin sabar daga ciki, a cikin kowace VM kafin rufewar ta zama abin dogaro. Ranar farko da ya yi aikinsa ina masallaci sallar La'asar. Na dawo na tarar ɗakin shiru, komai a rufe lafiya. Alhaji ya tambaye ni, "Malam, wa ya kashe?" Na nuna masa laftof mai tsagaggen allo. Ya daɗe yana kallonta, ya ce Allah ya yi albarka. Akwai manhajar da aka yi musamman don wannan, NUT, ga wanda ondilar ɗinsa ke da ƙofar USB mai magana da kwamfuta. Tamu ba ta da ita.

Irin wannan sikirif, wanda zai kwana yana gadi wata da watanni ba mai taɓa shi, shi ne ya fi buƙatar kada ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa. Ina sabunta laftof ɗin da apt yadda na saba, ƙunshe-ƙunshen da ke cikin venv kuwa suna nan a sigar da na gwada. Wani zai ce ai Debian ma tana da `python3-proxmoxer` a rumbunta, a girka da apt a huta. Haka ne, kuma ga mai na'ura ɗaya da aiki ɗaya ban ga laifin hakan ba. Ni dai ina son abin da ke laftof ɗin ya zama shi ne a hannun ɗalibai, har masu Windows, kuma rumbun Debian yakan tsaya a sigar da aka fito da ita lokacin, ba wadda na zaɓa ba.

Yanzu maganar katanga. Na ji ɗalibai fiye da ɗaya suna cewa tunda a venv suke, komai suka girka ba zai cutar da su ba. Wannan kuskure ne mai haɗari, kuma kalmar keɓewa ce ke ruɗarsu. Abin da ke gudana a cikin venv yana da duk ikon da kai kake da shi a kwamfutar. Zai karanta fayilolinka, zai shiga rezo, zai ga makullin sabar idan ka ajiye shi a fili. A PyPI, rumbun da pip ke ɗebowa, an sha kama miyagun ƙunshe-ƙunshe masu suna kusa da na gaskiya, harafi ɗaya ne bambanci, suna jiran wanda yatsansa zai zame. Zana ba ta hana ɓarawo. Shi ya sa tsaron na kai shi can gefen Proxmox. Ban ba sikirif kalmar sirrin root, mai cikakken iko a kan sabar, ba. Na buɗe masa mai amfani na kansa da makullin API, na ba shi ikon gani da kunnawa da kashewa da mayar da hoto a kan VM na ɗalibai kaɗai, ba shi da ikon gogewa. Makullin da ke iya kashe sabar dabam ne, kuma a laftof ɗin kawai yake, a fayil ɗin da mai shi kaɗai ke iya karantawa.

A nan ma akwai abin da ya cinye mini yamma guda. Na haɗa makullin, na nemi jerin VM, aka ba ni jeri babu kowa a ciki, ba kuskure, ba gargaɗi. Na yi ta zargin venv da proxmoxer, ashe ba ruwansu. Idan aka ƙirƙiri makulli alhali zaɓin raba iko yana kunne, wanda haka yake zuwa, ba ya gadon ikon mai shi, sai an ba shi nasa a fili, kuma Proxmox abin da kake da ikon gani kawai yake nuna maka. Sirrin makullin kuma sau ɗaya tak ake nuna shi, ranar da aka ƙirƙira. Sannan kusan duk misalan da za ka gani suna ɗauke da `verify_ssl=False`, wato kada a duba takardar shaidar sabar. Na bar shi haka makon farko, daga baya na kwafo `pve-root-ca.pem` daga `/etc/pve` na nuna wa sikirif. Ɗakin da ɗalibai goma sha takwas ke koyon rezo, wasunsu har da leƙen abin da ke wucewa a waya, ba wurin aika makulli ido rufe ba ne.

Iyakar zanar ta sake bayyana ranar da na so gwada wani abu da libvirt, wani kayan sarrafa VM, a wata na'ura mai KVM zalla, wato mai gudanar da VM da Linux kaɗai ba Proxmox. Ƙunshin `libvirt-python` ba Python ne zalla ba, pip sai ya harhaɗa shi, yana neman gcc da pkg-config da `libvirt-dev` daga tsarin. Venv ba ya keɓe waɗannan, ba ya ma sanin da su. Mafita ita ce ko ka girka su da apt, ko ka ɗauki `python3-libvirt` na Debian ka kafa venv da `--system-site-packages`, wato ka buɗe ƴar ƙofa a zanar. Yana aiki, amma `requirements.txt` ɗinka ya daina faɗin gaskiya duka, kuma dabarar kile ta rage ƙarfi. Wanda aikinsa ya dogara da irin waɗannan, venv kaɗai ba zai ishe shi ba.

Gwaji mafi girma ya zo bayan fitowar Debian 13 a watan Agusta 2025. Na jira har hutun ɗalibai na ɗaga laftof ɗin. Python ya tashi daga 3.11 zuwa 3.13, manuniyar da ke `bin` ta koma kan sabon, kayana kuwa suna can ƙarƙashin `python3.11`, inda sabon ba ya dubawa. Duka sikirif biyu suka tsaya. Wannan aibi ne na gaske: venv ba ya riƙe sigar Python, aron na tsarin yake yi. Amma na riga na san zai faru. Na share `.venv`, na kafa sabo, na sake sauko da ƙunshi ɗayan nan mai `cp311` a sunansa, na gwada. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Da a cikin Python na tsarin na cusa su da ƙarfi tun farko, ban san abin da zan tarar ba ranar.

Ɗan yayata yanzu uv yake yi mini talla, wani sabon kayan aiki da kamfanin Astral ya fitar a 2024, da harshen Rust aka rubuta shi. Na gwada. Yana da sauri sosai, kuma yana iya sauko da nasa Python ya riƙe sigar, abin da ya warware matsalar da na faɗa yanzu. Ga wanda ke da ayyuka da yawa da rezo mai kyau, ina ganin ya dace. Ni ƙunshi shida gare ni, daƙiƙun da zai rage mini ba su da yawa, Python ɗin da zai sauko da shi kuma mega gommai ne a kan kowace na'ura. Conda da Docker, wasu hanyoyin keɓe wurin aiki, sun fi haka nauyi nesa. A aji kuwa ina son abin da ɗalibi zai tarar a duk inda Python yake, ko a ofishin da ba za a bar shi ya girka komai ba. Na ce masa, "Bari su iya wannan tukuna, ɗana, in sun san abin da ke cikin dosiyen, uv ba zai ba su wuya ba." Ya ce, "To Kawu," amma na ga ya riga ya saka shi a tasa.

Abin da ke gabana yanzu batirin laftof ɗin ne. Zafin bazarar bara ya taɓa shi, ya fara kumbura har madannin ya ɗan ɗago, kuma ba ya riƙe fiye da minti ashirin. Ya ishi aikin rufewa a yau, ba zai kai wata bazarar ba. Na zagaya wajen masu gyara a kasuwar Dole ban samu irinsa ba, wani ya ce zai tambayo mini a Kano. Idan bai samu ba, wata tsohuwar laftof zan nema. Na riga na ƙara `python3-venv` da ƴan rakiyarsa a kile ɗin, kusa da dosiyen kaya, don ranar ƙaura kada in jira rezo.